Gidan Arewa da Unguwannin da ke Kewaye da Shi

Gabatarwa

Galibin masu nazarin Hausa, in an ambaci wuraren neman kayan bincike, Kano da Sakkwato da Zariya ne kan faɗo musu a rai, suna ɗaukar Kaduna garin ma'aikata da soja kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a arewacin kogin Kaduna akwai wani gida na Jami'ar Ahmadu Bello wanda bai kamata ɗalibin Hausa ya yi wa kallon hadarin kaji ba, wato Gidan Arewa.

Asalin Gidan

Gidan yana kan Titin Rabah, kuma Rabah ɗin nan sunan garin da aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello ne. A nan ya zauna yana Firimiyan Jihar Arewa, a nan kuma sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu ranar 15 ga Janairu, 1966. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai aka shiga tunanin yadda za a adana tarihinta kada ya warwatse tare da ita. Saboda haka a 1970 aka mai da gidan cibiyar tattara tarihi a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Sashen Tarihi a Zariya. A 1975 cibiyar ta koma hannun jami'ar da Sardauna ya kafa a 1962, ya kuma zama ubanta na farko.

Abin da Gidan ya Ƙunsa

Ban da ɗakin da aka ajiye kayan Sardauna da hotunansa, akwai takardun gwamnati, da tsofaffin jaridu, da littattafai, da kuma rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Waɗannan na ƙarshe su suka fi shafar mai nazarin harshe, domin kuwa ajami ya daɗe yana ɗauke da waƙoƙin wa'azi da wasiƙu kafin zuwan boko. Mai son sanin yadda kalma ta sauya ma'ana, ko yadda karin Sakkwato ya bambanta da na Kano a rubuce, tilas ya koma ga irin waɗannan takardu.

Maƙwabtan Gidan

Wanda ya fito daga gidan ba zai yi nisa ba zai tarar da Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, inda sarakunan Arewa ke da masaukai. Dalilin masaukan kuwa shi ne Zauren Lugga, inda Majalisar Sarakuna da ta Wakilai suka riƙa zama, wanda a yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke ciki. A kan Titin Ali Akilu akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, mai ɗauke da gumakan yumɓu na Nok. Haka kuma akwai Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956.

Su kansu sunayen unguwannin darasi ne. Kaduna ba ta da ganuwa balle ƙofofi, domin Turawa ne suka kafa ta, suka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. Don haka aka raɗa wa unguwanni suna da abin da aka gani a wurin: Unguwar Rimi da Kawo daga itatuwa, Unguwar Shanu daga dabbobi, Unguwar Kanawa daga asalin mazaunanta. Ke nan baƙin da suka taru a garin da Hausa suka sa wa matsuguninsu suna.

Kammalawa

Takarda ba ta jure wa gara da danshi har abada, masu iya karanta tsohon ajami kuma tsufa suke yi. Idan ɗaliban Hausa suka bar wa masana tarihi kaɗai wannan gida, za a ɗebi labarin da ke cikin takardun a bar harshen da aka rubuta su da shi ba mai nazari. Ya dace sassan Hausa su riƙa kai ɗalibansu can, su koya musu juya ajami zuwa boko, tun da sauran malaman da za su gyara musu kuskure. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.