Yadda Ake Gano Matsalar Moton Tsohon Garmaho Kafin A Kashe Kuɗi

Sau da yawa idan tsohon garmaho mai aiki da lantarki ya ƙi juyawa, ko waƙa ta riƙa fita da ja, hukuncin da ake yankewa shi ne moto ya ƙone. Moto shi ne ɗan injin da ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai, kuma da wuya ya ƙone haka kawai. Abin da ya fi kawo matsala shi ne busasshen mai, ko robar da ta tsufa, ko wutar da ba ta dace da injin ba. Wanda ya yi gaggawar kai moto a sake masa naɗin waya yana iya lalata abin da lafiyarsa ƙalau, ga shi kayan gyaran irin waɗannan injuna sun yi wuya.

Kafin a taɓa komai

A zare filogi daga soket. A ɗaure hannun allura a mazauninsa, domin allura ita ce ta fi saurin karyewa. Kada a yi gwaji da faifai mai daraja: tsohon faifan Shata ko na Ɗan Maraya Jos idan ya karce, samun wani ba abu ne mai sauƙi ba. Sannan a ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane sashe.

Mataki na 1: A san irin injin

Hanyoyi uku ne moto ke juya faranti. Akwai mai tayar roba, inda ƙaramar taya ke shiga tsakanin sandar moto da bakin faranti ta ciki, kamar yawancin injunan BSR da Garrard na Ingila. Akwai mai bel, kamar Thorens TD-150 da Pioneer PL-12D. Akwai kuma wanda farantin ke zaune kai tsaye a kan moto, kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972. Ɗaga faranti kawai ya isa a gane. A injunan BSR akwai ƙaramin zoben ƙarfe a tsakiya da sai an cire shi faranti zai fita.

Mataki na 2: A karanta bayanin wuta

A baya ko ƙarƙashin injin akwai rubutun irin wutar da yake ci. Wutar Najeriya 230V ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50Hz. Ta Amurka 120V ce, 60Hz, ta Japan kuma 100V. Injin Amurka da aka jona kai tsaye a soket ɗin gida shi ne wanda motonsa ke ƙonewa da gaske, don haka dole a sa masa taransifoma mai rage wuta.

Sai dai taransifoma ƙarfin wuta kaɗai take ragewa, ba ta canza kaɗawarta. Yawancin tsofaffin motoci masu jan wutar gida kai tsaye da wannan kaɗawa suke daidaita gudunsu. Injin 60Hz a kan wutar 50Hz zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa: maimakon zagaye 33⅓ a minti ɗaya sai ya yi kusan 27.8, maimakon 45 sai 37.5. Maganinsa fuli na 50Hz, wanda ya fi na asali kauri, ko na'urar da ke samar da 60Hz. Haka kuma ƙaramin janareto da gudunsa ke hawa da sauka zai sa waƙa ta riƙa lanƙwasa, shi ya sa gwaji ya fi kyau a wutar Nefa.

Mataki na 3: A auna gudu

A manna ɗan tef a bakin faranti a ƙirga. A kan 33⅓, zagaye 100 ne cif a minti uku. A kan 45, zagaye 45 a minti ɗaya. Idan lissafi ya tsaya a wajen 83 a minti uku kuma bai canzawa, matsalar 60Hz ce. Idan gudun yana sauyawa, wani lokaci daidai wani lokaci da ja, sai a duba roba da mai.

Mataki na 4: Bel da tayar roba

A cire bel ko a janye tayar, a kunna injin na ɗan lokaci ana kallon sandar moto. In tana juyawa da ƙarfi, moton lafiya lau. Tsohon bel yakan saki, wani ma ya narke ya manne kamar kwalta. A goge ragowarsa da sifirit, a sa sabo mai faɗi iri ɗaya wanda ya ɗan fi zagayen hanyarsa gajarta. Tayar roba kuwa takan taurare ta yi sheƙi, sai ta riƙa sulɓi. In an bar ta a matse shekaru, gefe ɗaya yakan lotsa, a riƙa jin bugu a kowane zagaye. Irin wannan sai canji.

Mataki na 5: Moto na gurnani amma bai juya ba

A kashe nan take, domin moton da ya cije yana shan wuta zafi yake yi. Bayan an zare filogi, a juya sandar da yatsa. In ta yi tauri, tsohon mai ne ya daskare a bushin sama da na ƙasa. A yi wa jikin moton alama kafin a kwance shi, saboda a irin na BSR idan aka mayar da ɓangaren naɗin waya a kife, moton baya zai riƙa juyawa. A wanke sanda da bushin da sifirit, a bari su bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu a kowanne. Baƙin mai da giris sun yi kauri, WD-40 kuma ba ya daɗewa. Kada mai ya taɓa fuli ko roba.

In sandar na juyawa sumul amma moton na karkarwa, sai an tura shi da hannu ya tashi, ko ya tashi ta kowane ɓangare, to kafasita ce ta mutu, kamar yadda ake gani a fankar sama. A sauke cajin da ke cikinta, a canza ta da mai lamba iri ɗaya, wadda aka yi don wutar gida.

Mataki na 6: Shiru gaba ɗaya

A sa mita a ma'aunin om, a bi layi: filogi, waya, fis in akwai, makunni, sannan naɗin wayar moto. Makunnin da ke ƙarƙashin hannun allura yakan yi datti ya ƙi haɗa wuta. Idan mita ta nuna wata lamba a naɗin, wayar ba ta tsinke ba. Idan ta nuna a buɗe yake, ko akwai ƙauri da baƙin tabo, a nan ne kaɗai za a ce moto ya ƙone.

Injuna masu ɗan allon lantarki

Yawancin injunan Japan na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 suna da allon lantarki mai sarrafa gudu, don haka bambancin 50Hz da 60Hz bai shafi gudunsu ba. Idan gudun yana yawo, a fesa maganin wanke makunni a maɓallin zaɓen 33 da 45 da kuma abin murɗa gudu, a motsa su sau da yawa. Ƙananan sukurorin saiti da ke kan allon ana juya su ne kaɗan-kaɗan, ana sake ƙirga zagaye. In hakan bai yi ba, aikin ya zama na mai gyaran rediyo da zai auna kafasitocin allon.

Bayan gyara

A bar faranti ya juya minti 20 babu faifai, sannan a sake ƙirgawa. Ɗumi kaɗan a jikin moto ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai jure ba alama ce ta saura aiki. A ajiye injin a rufe saboda ƙurar hunturu, nesa da rana, kuma a riƙa mayar da maɓalli wurin kashewa domin tayar roba ta saki.