Dangin mamaci sun yafe, me ya sa kotu ta riƙe lasisin?

Aikin lauya nake yi a Funtua. Da zarar kaka ta yi, aka fara lodin masara da waken soya daga Dandume, Bakori da Ɗanja, sai shari'o'in haɗarin mota su yawaita a hannuna. Tambayar da masu motoci suka fi yi mini ita ce: "Barista, ai an yi sulhu, dangi sun ce ƙaddara ce, sun yafe. Don me alƙali zai hana yaron tuƙi?"

Yafiya haƙƙin dangi ce, Allah ya saka musu da alheri. Amma hanyar da ta tashi daga Funtua ta ratsa Malumfashi zuwa Yashe ba ta gida ɗaya ba ce. Ɗan acaɓa na kanta, ɗalibai na tsallaka ta, mai amalanke na tafe a gefenta. Waɗannan ba su zauna a wurin sulhun ba, su ne kuma alƙali yake dubawa.

Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta shekarar 2007 ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ga mai tuƙin ganganci. Idan rai ya salwanta, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai. Bayan wannan, kotu tana da ikon hana mutum riƙe lasisi har wani wa'adi.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne bayan hukuncin. Direba ya yi wata biyu a gida, tukunya ba ta hau wuta ba, maigida kuma yana da lodi a ƙasa, sai a ce masa, "Ɗauki makulli, ka bi da dare, wa zai gan ka?" Tuƙi cikin wa'adin hani sabon laifi ne mai zaman kansa. In aka kama shi, zai koma gaban alƙali a matsayin wanda ya raina umarnin kotu. Zuwa wata jiha a yanko sabon lasisi ma ba dabara ba ce, domin hoto da zanen yatsa suna cikin kundin FRSC guda ɗaya.

Ina tausaya wa direban ƙwarai, domin sitiyari ne abincin 'ya'yansa. Shi ya sa nake roƙon iyayen gida da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu: ku ba shi wani aiki a tasha ko wurin lodi har wa'adin ya cika. In kuna ganin hukuncin ya yi tsauri, akwai ɗaukaka ƙara, kuma tana da ƙayyadadden lokaci. Ku nemi lauya tun ranar da aka yanke hukuncin.