Jita-jitar Maƙarƙashiya da Dalilin Karɓuwarta: Misali Daga Rigakafin Shan-inna a Ƙasar Kano

Abin da ake nufi da jita-jitar maƙarƙashiya shi ne labarin da ke cewa wasu masu ƙarfi sun ƙulla wani mugun nufi a asirce, kuma abin da jama'a ke gani a fili lulluɓi ne kawai. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa irin wannan labari ke shiga zuciya, ta yin la'akari da abin da ya faru da rigakafin shan-inna, musamman a karkarar arewacin Kano, watau wajejen Bichi da Ɗambatta da Minjibir.

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano bayan zargin da ya bazu cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Cikin waɗanda suka fito da zargin fili har da Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba ta yarda an ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, da maganin da aka samo daga Indunisiya. A sakamakon wannan tsaiko cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara kuma suka shanye.

Masu cewa jahilci ne kawai sun sauƙaƙa wa kansu aiki. Zargin bai tabbata ba, amma da tubalin gaskiya aka gina shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka kuma yi ƙorafin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba. Sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Tun a 1988 ma gwamnatin Babangida ta fito da manufar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ga kuma Amurka ta afka wa Iraƙi a watan Maris na 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Akwai kuma yanayin karkarar kanta. Ƙasa ce mai cunkoso, gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, da taki da yawan hannu ake riƙe ta. A gidan gandu 'ya'ya su ne ƙarfin noma, su ne kuma madogarar tsufa, don haka zancen hana haihuwa ya taɓa magidanci a inda ya fi masa ciwo. Ban da haka yana da tambayar da ba a ba shi amsarta ba: ɗansa na fama da zazzaɓi ko ƙyanda, ya je ɗakin shan magani an rubuta masa takarda ya saya da kuɗinsa, to me ya sa wannan ɗigo shi kaɗai ake biyo shi da shi har zaure, kyauta, sau da yawa a shekara? Amsar ma'aikatan lafiya doguwa ce, ta shafi shirin kawar da cutar daga duniya da aka ƙaddamar a 1988, da yadda ɗigo ɗaya ba ya wadatarwa. Amsar jita-jita kuwa jimla ɗaya ce, mai ita kuma yana jin ya gano abin da aka ɓoye wa saura.

Ga ɗalibin harshe, sunan cutar ma abin lura ne. Shan-inna na nuni da Inna ta bori, wadda aka ɗauka ita ke shanye ƙafar yaro. Ke nan an saba neman mai hannu a bayan masifa, domin wanda ke da suna ana iya lallashinsa ko a guje masa, ƙwayar da ido ba ya gani kuwa ba a san ta inda za a kama ta ba. Jita-jitar ta bar wannan tsari yadda yake, mai laifin kawai ta sauya.

Haka nan kalmomin "wai" da "an ce" suna ba mai magana damar isar da labari ba tare da ya ɗauki alhakinsa ba. A kasuwa ko a majalisar ƙofar gida, idan aka tsananta masa sai ya ce shi ma ji ya yi. Da labarin ya wuce baki uku ko huɗu, sau da yawa "wai" ɗin kan faɗi a hanya.

Abin da ya karya lagon zargin daga baya shi ne shigar sarakuna da hakimai da dagatai da malamai cikin aikin, da kuma haɗa ɗigon da abubuwan da mutane ke nema da kansu, irin su gidan sauro da sabulu. Duk da haka sai da aka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano a watan Fabrairu na 2013, kafin a tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.