Zaɓen Shimfiɗaɗɗen Rufi ga Gidan Bakin Teku

Gidan da aka gina a gaɓar teku, kamar a Legas, Akara ko Duwala, yana fuskantar abubuwa uku da ke cin rufi: guguwa mai ɗaga shi daga gefuna da kusurwoyi, ruwan sama mai yawa, da gishirin da ke cikin iska, wanda ke sa ƙarfe tsatsa. Saboda haka rufin kankare, wanda magina ke kira dakin, ya fi dacewa domin nauyinsa, muddin kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai milimita 40 zuwa 50, don kada gishiri ya isa ga rodin ya kumbura shi har kankaren ya tsage.

Kankare kaɗai ba ya hana yoyo, sai an shimfiɗa masa abin tare ruwa. Shimfiɗar kwalta da ake mannawa da wuta tana da sauƙin kuɗi da gyara, amma zafin rana yana tsufar da ita, yayin da EPDM, wato roba mai jure rana da gishiri, kan wuce shekara 30 idan an kula da ita. Ya kamata a manne shimfiɗar gaba ɗaya maimakon a danne ta da tsakuwa, wadda guguwa ke watsarwa, sannan a ɗaure gefuna da sukurori marasa tsatsa.

Wajibi ne rufin ya ɗan karkata, aƙalla santimita 1 a kowace santimita 80, kuma a share magudanansa kafin damina, domin ruwan da ya kwanta shi ne mafarin yoyo.