Jirgin Ƙasa A Bisa Tebur: Yadda A Ke Tsara Kwaikwayon Reluwen Fit

A ƙasashen Turai akwai mutane, manya da yara, masu sha'awar gina ɗan ƙaramin reluwe a bisa tebur, da layinsa da taragai da gine-gine, kowane abu an rage girmansa da awo ɗaya. Malamin makaranta yana da riba a cikin wannan aiki, don kuwa tebur guda ya isa ya koya wa yara lissafi da labarin ƙasa da aikin hannu. Amma sau da yawa a kan yi asarar katako da kuɗi, saboda an yi gaggawar kafa layi tun ba a san aikin da jirgin zai yi ba. To, bari mu ɗauki reluwe guda na gaske, mu ga yadda a ke bi.

Mene ne fit?

A tsakiyar ƙasar Ayalan akwai manyan fadamu waɗanda ruwa ba ya barinsu. Ciyayin da su ka mutu a ciki ba su ruɓewa sosai, sai su yi ta taruwa, wani bisa wani, kamar milimita 1 a shekara. Bayan shekaru dubbai sai su zama wata irin ƙasa baƙa-baƙa mai laushi, wadda in ta bushe ta kan ci wuta. Ita ce Turawa ke kira fit.

A 1946 gwamnatin Ayalan ta kafa kamfanin Bord na Móna domin haƙar fit. Babbar mota ba ta iya shiga fadama da kaya, sai ta nutse. Saboda haka a ka shimfiɗa layin dogo, domin katakan da ke ƙarƙashin ƙarfe su kan rarraba nauyi. Faɗin yawancin layin ƙafa 3 ne. Tsohon layinmu na Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, ƙaramin layin nan kuwa na Zariya zuwa Jos, wanda a ka rufe a 1957, ƙafa 2 da inci 6 ne. Kun ga ke nan na fadama ya faɗa tsakaninsu.

Aikin da jirgin ya yi

Wannan shi ne abin da ya kamata mai tsari ya fara sani. Da farko a kan haƙa lambatu a jere, tsakanin kowane biyu kamar ƙafa 50, don ruwa ya tsane. Da bazarar ƙasar, injuna su kan kankare saman fadamar ya zama gari, a bar shi ya sha iska da rana, sa'an nan a tara shi tsibi mai tsawo, a lulluɓe da leda. In lokacin kwasa ya yi, sai a shimfiɗa layi na wucin gadi a gefen tsibin. Ƙaramin kan jirgi mai aiki da man dizal ya kawo taragai babu kome a ciki, injin ɗiba ya cika su, a ja su zuwa layi na dindindin, har tashar wutar lantarki, irin ta Shannonbridge. A can wata na'ura ke kama tarago ta kifar da shi, fit ya zube. In tsibi ya ƙare, sai a ɗauke layin a kai wani wuri.

Yanzu wannan aiki ya zama tarihi. An gane fadamar da a ka tsane tana sakin iskar da ke ƙara ɗumama duniya. An rufe tashar Shannonbridge a ƙarshen 2020, a farkon 2021 kuma kamfanin ya ba da sanarwar ya bar haƙar fit. Saboda haka wanda ya gina kwaikwayon wannan layi, tarihi ya ke ajiyewa, wajibi ne kuwa ya ajiye shi daidai.

Awo

Masu wannan sana'a a Ingila da Ayalan sun fi amfani da awon milimita 4 a maimakon ƙafa 1, watau an rage kowane abu sau 76. Da wannan awo, layi mai faɗin ƙafa 3 zai zama milimita 12. Mutum mai tsawon ƙafa 6 zai zama milimita 24, bai kai tsinken ashana ba. Doka ɗaya ce: in ka zaɓi awo, kome da kome ya bi shi. Tarago da awo ɗaya, mutum da wani awo dabam, ƙarya ka koya wa yara.

Sai mu auna teburin. A ce muna da allo mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2, watau kamar milimita 1,830 da 610. Raba kowanne da 4. Za ka ga allon nan duka yana wakiltar fili mai tsawon ƙafa 457 da faɗin ƙafa 152 kurum. Ko kashi ɗaya cikin goma na mil bai kai ba, alhali jirgin gaske ya kan yi tafiyar mil da yawa. Ashe tilas mu zaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, allo ɗaya kuma ba ya ɗaukar fadama duka.

Abin da za a sa, da abin da za a bari

Wurare uku sun isa su ba da labarin: wurin ɗiba, wurin da jirage ke wuce juna, da wurin juyewa.

A hagun allo a sa tsibin fit da layin wucin gadi a gefensa. Lambatu kuwa, tun da ƙafa 50 ta zama milimita 200, fage uku ne za su shiga faɗin allon. A tsakiya a raba layin biyu, ya sake haɗuwa a gaba, domin jirgin da ya ɗauko kaya ya wuce wanda ke dawowa wayam. A dama kada ka ce za ka gina tashar lantarki duka, za ta cinye allon. Gina bango ɗaya da ƙofar da jirgi ke shiga, a bayansa ka ɓoye inda za ka sa hannu ka zazzage taragai. Mai kallo zai ga sun shiga cike sun fito wayam, ya kuwa fahimta.

Tsawon jirgi shi ke hukunta sauran. Mu ɗauka tarago ɗaya ƙafa 16 ne, watau milimita 64. Taragai 15 za su ci milimita 960, fiye da rabin allo. Amma 5 za su ci 320, in an haɗa da kan jirgi, a ce 400. To, wajibi ne wurin wuce juna ya ɗara 400, in ba haka ba wutsiyar jirgi za ta tare hanya. Nan ne akasari tsari ke lalacewa.

Kafin ka taɓa zarto, manna tsofaffin jaridu su kai girman allon, ka zana layin a kai da girmansa sosai. Yanka guntayen kwali daidai tsawon taragai, ka tura su bisa zanen, tun daga ɗiba har juyewa. Inda su ka cije, goge ka sake. Takarda ba ta da tsada, katako kuwa in an yanka an yanka.

Kamannin wurin

Fadama shimfiɗaɗɗiya ce. Kada sha'awa ta sa ka ƙara dutse, ko ramin da jirgi ke ratsawa, ko tashar fasinja. Busasshen ganyen shayi da a ka riga a ka dafa, in an murje shi an barbaɗa bisa gam, ya kan yi kama da fit ƙwarai. Tsinken ashana ya zama katakan layi, guntun baƙar leda ya rufe tsibi. Layin dindindin a yi shi sambal, na wucin gadi kuwa a bar shi ya ɗan karkace, ba tsakuwa a ƙarƙashinsa, don haka ya ke a fadama. In babu halin sayen inji mai tafiya da lantarki, na katako da a ke turawa da hannu ya wadatar, muddin awonsa daidai ne.

Aikin gwaji

1. Da awon milimita 4 a ƙafa, nawa ne faɗin tsohon layin Nijeriya zai zama?
2. Allonka ƙafa 8 ne. Fili mai tsawon ƙafa nawa ya ke wakilta?
3. In fit yana taruwa milimita 1 a shekara, shekara nawa zai ɗauka ya kai zurfin mita 6?
4. Zana tsarinka a takarda, ka nuna wurare ukun nan, ka kawo wa malamin aikin hannu ya duba kafin a ba ka katako.