DARASIN LAFIYA: HAWAN JINI DA ALHAZANMU A UTAIBIYYA

Duk wanda iyayensa suka je Makka ya taɓa jin sunan Utaibiyya. Unguwa ce a arewacin Harami, kusa da Jarwal, wadda ta yi suna saboda kasuwarta, inda alhazai ke zuwa sayen jallabiya da abaya da sauran tsaraba. Tsoho zai yi ɗawafi da safe, ya zaga kasuwa cikin rana, ya ci abin da ya samu, ya manta da maganinsa a masauki. Ga mai hawan jini, wuni irin wannan yana da haɗari.

Mene ne hawan jini?

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda famfo ke tura ruwa. Idan ƙarfin turawar ya yi yawa kullum, shi ne hawan jini. Awonsa lambobi biyu ne. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. Idan aka auna a ranaku biyu daban aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to, akwai cutar. Yawanci ba ta da alama, sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke da ita, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Abubuwan da ke taɓa shi

Na farko, gado da shekaru. Wanda uwarsa ko ubansa ke da shi ya fi kusa da kamuwa, kuma jijiyoyi suna yin tauri idan an manyanta. Waɗannan ba mu da iko a kansu.

Na biyu, gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. A zangonmu gishiri yana ɓoye cikin dunƙulen Maggi da kifin gishiri da shito. A Makka kuwa yana cikin soyayyar kaza da zaitun da cuku da abincin gwangwani.

Na uku, ƙiba da zaman banza da taba sigari. Goro da shayi mai kauri su ma suna ɗaga jini na ɗan lokaci.

Na huɗu, magungunan kanti. Alhaji ya gaji, ƙafa na ciwo, mura ta kama shi, sai ya sayi ibuprofen ko diclofenac ko maganin toshewar hanci. Waɗannan duka suna iya ɗaga jini. Haka nan abin shan nan na Larabawa da ake kira irƙisus.

Na biyar, zafi. Wannan aikinsa daban ne: yana buɗe jijiyoyi, gumi ya kwashe ruwan jiki, zuciya ta ƙara wahala. Mai shan maganin da ke sa fitsari yana iya jin jiri ya faɗi, domin jininsa ya sauka ƙwarai. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, cikinsu har da tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo. Ku tuna kuma, sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa wajen kilomita 3 ne.

Aikinmu mu matasa

1. Kafin tafiya, a raka Baba ko Mama asibiti a auna su, likita ya duba maganin da za su sha a ƙasa mai zafi.
2. A tanadar musu maganin da zai kai har dawowa, a sa shi cikin jakar hannu, a rubuta sunansa a takarda.
3. A gaya musu kada su daina sha don sun ji sauƙi. Sauƙin nan aikin maganin ne.
4. Zuwa kasuwa ya zama da sassafe ko bayan magariba, da lema da gorar ruwa.
5. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, a nufi asibiti nan take, ba masauki ba.

Mu kanmu ba mu tsira ba, domin ɗan shekara 30 ma yana kamuwa. Kowa ya je a auna shi cikin wannan wata, ya rage gishiri, ya riƙa tafiyar ƙasa minti 30 a rana. Allah Ya ba mu lafiya, Ya dawo mana da alhazanmu lafiya, amin.