Binciken Ciwon Waken Turawa A Lambu

Masu iya magana sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Haka abin ya ke ga aikin lambu. Mu da kanmu mun ga misalinsa, sa'ad da waken Turawan da muka shuka a fangali uku ya soma yin rawaya. Muka zaci ƙishirwa ke damunsa, muka dinga kwarara masa ruwa safe da yamma, kafin mako biyu fangali biyu suka mutu. Da muka tona, sai muka tarar saiwoyin sun ruɓe. Ashe ruwan ne ciwon. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta yadda a ke bincike, domin gobe mu ne za mu tsaya gaban yara a lambunan makarantu.

Wannan wake dai asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Ba ɗan'uwan wakenmu na gona ba ne wajen jure zafi, shi ya sa ya ke jin daɗin ƙasar Jos, a sauran wurare kuwa lokacin sanyi ya fi yi masa kyau. Irin gajeren ya kan isa tsinka cikin kwana 50 zuwa 60. To, in ya sami matsala, sai mu bi shi daki-daki, tun daga ƙasa har sama.

Da fari, in iri ya ƙi tsira bayan kwana goma, a tona a duba. In ƙwayar ta yi laushi tana wari, ruwa ya yi yawa, ko kuwa an binne ta da zurfi. Inci ɗaya ya isa. In kuwa ya tsira, da safe aka tarar an datse shi daidai ƙasa, wannan aikin gyare ne ko tsutsar da ke kwana cikin ƙasa. A kan same ta a naɗe kusa da gindin.

Na biyu, in ƙaramin tsiro ya yi yaushi alhali ƙasa na da laima, a dubi kara wajen gindi. In ya kumbura ya tsage, a tsaga shi da farce. Sau da yawa a kan iske 'yar farar tsutsa a ciki. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke yin ƙwai a ganye, tsutsar ta gangaro ta cikin kara. Wanda ya mutu a cire a ƙone, sauran kuwa a tara musu ƙasa a gindi don su fid da sababbin saiwoyi bisa wurin ciwon.

Na uku shi ne rawayar ganye, nan ne kuwa a ka fi ruɗewa, domin alama ɗaya ce amma dalilanta da yawa. Kada a yi rowar tsiro guda, a tumɓuke shi a wanke saiwar. Saiwa mai lafiya fara ce, tana ɗauke da 'yan ƙullutai kamar ƙwayar gero ko dawa, waɗanda ke ɓantarewa in an murza. A fasa ɗaya. In cikinsa ja-ja ne, alheri ne, gama a nan ƙwayoyin halitta ke zaune masu ɗebo wa wake abinci daga iska. Amma in saiwar kanta ce ta kukkumbura, kumburin bai ɓantaruwa, to, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya iya gani. Ba abin da za a yi wa wannan shuka, sai dai baɗi a sa masara ko dawa a wurin, kada a sa tumatir ko kuɓewa, don su ma suna kamuwa. In saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, a rage ruwa, a ɗaga kunya.

Sa'an nan a juya ganyen a dubi bayansa. In ana ganin ƙiyashi na hawa da sauka, ganye kuma na danƙo da darɓa, akwai 'yan ƙwari masu tsotso a maƙale, ruwan sabulu na rage su. Haɗarinsu shi ne su kan ɗauko wata cuta mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tamuke. Wannan ba ta da magani, a tumɓuke wanda ya kamu, kada kuma a ajiye iri daga gare shi, don tana bin ƙwaya. In kuwa ɗige-ɗige ne masu kamar tsatsa, har su kan shafa wa yatsa jan gari, a daina zuba ruwa bisa ganye, kada kuma a shiga fangali sai raɓa ta bushe.

Na ƙarshe, fure. In ganye ya yi kore shar amma ba fure, taki ne ya yi yawa. In fure na fitowa yana zubewa, galibi zafi ne, domin in awon zafi ya wuce digiri 32 ba ya ɗaurewa sosai. Wanda ya makara da shuka har bazara ta riske shi, kansa zai zarga. In kuwa waken ya yi tauri da zare, an bar shi ya tsufa ne. A riƙa tsinka kowane kwana biyu ko uku, yawan tsinkar ma na ƙara masa haihuwa.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kowa ya ajiye ɗan littafi, ya rubuta ranar shuka, da ranar da ya fara ganin alama, da abin da ya tarar a saiwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanda bai gane ciwo ba tukuna, ya dakata da magani, ya sake dubawa. Allah ya ba mu albarkar lambunanmu, amin.